Ƙwayar Geron Kawu Illa

Duk wanda ya san Kawu Illa, ƙanen mahaifiyata, ya san ƙwayar geron da yake ajiyewa cikin kwalin ashana. Mai zanen taswira ne a wani biro, wato ofis, a Tawa. Wani Bafaranshe ya taɓa gaya masa cewa a ƙasarsu inji ne ke sauƙaƙa taswira, yana share ƙananan kwane-kwane, layi ya fito sumul. Shi ke nan, kawu ya naɗa kansa inji! Sai ya ɗora ƙwayar bisa takarda, duk lanƙwasar da ta ɓuya ƙarƙashinta ya miƙe ta.

"Inji bai da dangi," in ji shi, yana hura hanci.

Rannan kazar maigadi ta shigo ta tsince ƙwayar. Shekarar fari ce, wa zai ba ka gero? Maigadi ya biya shi da wake guda. Na ce, "Kawu, wake ai ya hi gero girma!" Ya ce, "To, aiki ya ƙara sauri ke nan." Ranar ƙoramu sun sha kashi, har da ƙananan ƙauyuka.

Hanyar Barmu ma ɗoɗar ya ja ta. Wani direban kamyo, babbar motar kaya, ya dawo buɗu-buɗu da ƙura: "Mushe Illa, ina hanyag ga da kaz zana? Rairai munka iske!" Kawu ko kunya babu: "Ku gyara hanyakku, taswira lahiya lau take."

Sai sojoji suka zo rabon hatsin agaji, kuma da taswirarsa suka yi aiki. Garin da ke kanta ya samu buhu. Tungar su mahaifiyata kuwa wake ya rufe ta.

Inna, mahaifiyar tawa, ta iso Tawa a ƙasa, leɓe duk ya tsage. "Illa, mi munka yi maka kas shahe mu?"

"Ai inji..."

"Injin na yas sha nono guda da ni?"

Ya garzaya wurin kaftin ɗin sojojin, aka fatattake shi. Mai taurin kan nan sai ya ɗauki nasa rabon a ka, ya nufi tungar a ƙasa, ya bi kowace kwana da ya share. Haka ya riƙa yi har damina ta faɗi. Tun daga nan yake ɗingishi, da shi kuma ya rasu.

Mun zage ka, Kawu, kuma ka cancanta. Amma da hatsinka ƙannena suka rayu. Allah ya jiƙanka, ya hutar da ƙafafun nan naka.