Kwanon da Ya Shige Daidai

A unguwarmu ta Anka an san ni da tsirfa a kan kwano. Ba na aron faranti, ba na cin abin da aka aiko a mazubin da ban san inda ya kwana ba, ko gidan biki zan je da cokalina a jaka. Mata suna yi da ni, ina ji. Wata ta taɓa cewa ko matar gwamna ba ta kai ni iyayi ba. Ban ga laifinta ba, don ba ta zauna ƙauyen Bagega ba a shekarun da mazajenmu ke kawo dutsen zinari har cikin gida.

Ni na zauna. Da ƙuruciyata lokacin, ga goyo a baya, ga wata tana tatata. Maigidana yakan shigo da buhun dutse ya zazzage a tsakar gida, a yi ta daka, ƙura ta tashi ta sauka a kan tabarma da randa da hannun yara. Wata rana na tarar an daka dutse a turmin da nake surfe. Da na yi magana sai ya ce, "Ai na wanke shi." Na zuba gero na surfa. Kafin masu magani su zo su ce gubar dalma ce a cikin dutsen, na goye ya riga ya tafi. Jijjiga ta kama shi da hantsi, da la'asar aka kai shi makwancinsa. Yayarsa ta tashi daga ciwon, amma ta daina waiwayowa in an kira ta. Yau budurwa ce, tana wanki tana shara, sai ka taɓa kafaɗarta take sanin kana wurin. Ana cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A gidanmu dai ba shi ya doka ba.

Daga baya muka dawo Anka. Zinari ya karɓi maigida, ya je Makka, ya sa sola a rufin gida, ya ɗauki ma'aikata. Bayan na fid da rai da haihuwa Allah ya ba ni auta, namiji, shi kaɗai ne na haifa a gidan da ba ƙurar dutse. A kansa tsirfata ta ninku, ban kuma ji kunyar kowa ba.

Bara maigidan nawa, Alhaji, ya dawo daga Gusau da wata na'ura a kwali, baƙa, mai aljihu kamar na durowa. Ya ce sunanta eya-faraya, da iska mai zafi take suya, ba ruwanta da mai. Ya ajiye ta a kicin yana ta murmushi kamar shi ya ƙera. Ni kuwa ina jawo aljihun na ga ƙasansa duk huji ne, na ce to, dankali da nama sun samu wuri, amma alale fa? Auta ba abin da yake so kamar alale. In na zuba ƙullu a nan ai ƙasa zai bi.

Na kira ƙanwata da ke koyarwa a Gummi, don tana da irinta. Ta yi mini karatu tiryan-tiryan a waya. Kada in kuskura in sa leda ko roba. Ƙarfe mai kyau yana shiga, tangaran mai kauri yana shiga, akwai kuma farar takarda ta gashi, amma sai abinci ya danne ta. Kome zan sa, in bar wa iska hanya ta gefe, in ba haka ba sama ya ƙone ƙasa ɗanye.

Sai na shiga gwaji. Takardar da ta aiko mini a motar haya na shimfiɗa ba tare da na ɗora kome ba, iska ta ɗaga ta ta manna wa wutar da ke sama, kicin ya turnuƙe da hayaƙi. Gwangwanin madara da kowa ke alale a ciki na duba na ga tsatsa a bakinsa, na watsar. Farantin samira na kayan aurena ya shiga, amma fentinsa ya ɓamɓare a gefe, raina bai kwanta ba. Tangaran ɗin da nake da shi ya fi aljihun faɗi. Na sa aka sayo mini ƙaramin kasko a kasuwar Bukkuyum, na yi murna ƙasa ce tsantsa, sai ga shi ya toshe aljihun ruf, alale ya fito sama ƙauri ciki ruwa. Kullum auta yana tsaye a bakin ƙofa da cokalinsa, kullum in ba shi haƙuri.

Alhaji ya gaji da ni. Ya ce, "Ke dai ba a iya maki. An kawo maki abin zamani, kin tsaya zaɓen kwano kamar mai zaɓen suruki."

Na ce, "Alhaji, ka san dalili na."

Ya ce, "Abin da yaw wuce ya wuce. Kowa da kwananai."

Bayan kwana biyu ya shigo da wani kwanon silba, madaidaici, ya miƙo mini. Yana ƙyalli, an goge shi da yashi har ya yi zane-zane a ciki. Na saka a aljihun ya shige daidai, ga sarari ta ko'ina kamar don shi aka yi na'urar. Na tambaye shi ina ya samo. Ya ce, "Kin hwara ko? Kwano dai na." Na shinshina, na sake wankewa da ruwan zafi. Ban ga tsatsa ba, ban ga fenti ba. Raina ya ɗan yi ɗar, amma na ce wa kaina mutumin da ya ɗauki gawar ɗansa a hannu ba sai an sake yi masa wa'azi ba.

Alalen ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Ya tashi lukui, gefensa ya yi ja. Auta ya cinye har yana lashe kwanon. Daga nan kusan kullum sai na yi masa, wani lokaci da ƙwai, wani lokaci in gasa masa kifi a ciki. Yayarsa ta koyi murɗa na'urar, takan ɗora tafin hannunta a jikinta don ta ji lokacin da ta tsaya. Haka muka ci damina guda.

Kicin ɗina bango ɗaya ne da zaure. Wata safiya alale yana ciki, na ji sallamar ɗaya daga cikin ma'aikatan Alhaji, wani bakano mai babbar murya. Suka gaisa, suka yi zancen inji, sai na ji ya ce, "Alhaji, ƙaramin kwanon nan da muke murza zaiba a ciki, tun da ka ɗauka ba mu sami irinsa ba. In an gama da shi a cikin gida a taimaka mana."

Zaiba na san ta. Farin ruwan nan ne mai nauyi da suke cuɗawa da ƙasar dutse don ya kama zinari. Masu maganin da suka zo Bagega sun ce ita ma guba ce, kuma in ta ji wuta ta fi muni. Ina tsaye na'urar ta yi ƙararrawarta. Na kasa jawo aljihun. Auta ya shigo da gudu da cokalinsa, na daka masa tsawar da ban taɓa yi masa ba, ya fita yana kuka.

Da Alhaji ya shigo na ɗauko kwanon da tsumma, da alalen a ciki, na ajiye a gabansa. Na ce, "Wanga kwano, na wurin aikinku na?"

Ya dube shi, ya dube ni, ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Ai na wanke shi."

Ban yi kuka ba. Abin da na ji a ƙirjina ƙiyayya ce, kuma ban taɓa jin irinta ga wani mahaluki ba. Ba mugu ba ne, yana son yaron nan kamar ransa. Kawai dai ɗa ɗaya a kabari da ɗiya ɗaya kurma ba su isa su sa ya yi shakkar omo da yashi ba.

Na kai auta asibiti aka ɗebi jininsa. Likitoci suka ce in riƙa lura da shi, in na ga hannunsa na rawa ko maganarsa ta canza in dawo da shi. Kwanon na haƙa rami a bayan gida na binne, bakanon ya nemi wani. Na'urar tana saman kabad a cikin kwalinta. Matan unguwa sun ji labari, sun ce ai ga shi yaron lafiya lau, tsirfa ce dai irin tawa. Alhaji kuwa har ya tambaye ni yaushe zan sake yin alalen nan mai daɗi.

Yanzu wata ɗabi'a ta same ni. In auta ya ba ni baya yana wasa, sai in kira sunansa a hankali, ba don ina da aike ba. Yakan waiwayo da fushi ya ce, "Inna, mi na na kuma?" In ce ba kome, ci gaba da wasanka. Anjima kaɗan in sake kira.