Na Je Ireland Gaisuwar Maƙwabciyata

Tashi daga Silver Spring

Tun kafin asuba na gama ɗaure kaya, alhali jirgin sai yamma zai tashi. Hadiza 'yata, wadda nake zaune wurinta, ta fito za ta asibiti ta same ni da akwati a bakin ƙofa. Ta sake maimaita abin da ta yi wata guda tana faɗa, wai a aika kati da furanni, haka ake yi a nan Amurka. Na ce mata maƙwabciyata Nora ba kati ta aiko mini ba, da kanta ta ɗauke ni ta kai ni aji. Ƙofarta na kallon tamu a bene ɗaya, ita ta zaunar da ni da furfurata ta koya mini karanta lambar bas da sunan titi, kuma a hannuna ta cika. An kai gawarta garinsu, ƙanwarta Kati na can da rai. Gaisuwar mutuwa da ƙafa ake yinta.

"To Inna, in ta ƙi buɗe miki ƙofa fa?"

"Sai in gaida ƙofar in dawo."

Baki ne kawai. Abin ya tsaya mini a rai har muka isa filin jirgin sama na Dulles.

Dublin zuwa garinsu Nora

Da safe muka sauka. Ma'aikacin da ya karɓi fasfona ya tambayi me ya kawo ni, na ce mutuwa. Ya ɗago kai ya ce mini sannu, ya buga hatimi. Na ce a raina, to, waɗannan an yi musu tarbiyya.

Na karanta allon bas da kaina na shiga. Direban ta dama yake zaune, motar tana bin hagu, na yi ta salati har na saba. Ƙasa kore shar, ko'ina ciyawa, ga tumaki an shafa musu shuɗi da ja a baya, ba makiyayi ko ɗaya. Da rana muka isa. Garin titi ɗaya ne, da coci a ƙarshensa, gidaje manne da juna, kowace ƙofa da kalarta. Gidan giya kuwa ya fi kantin magani yawa, wannan ba zan ɓoye ba. Yayyafi ake yi amma ba wanda ya buɗe lema sai ni. Duk mai motar da ya wuce sai ya ɗaga mini ɗan yatsa ɗaya daga kan sitiyari. Da farko na ɗauka gargaɗi ne, ashe gaisuwarsu ke nan.

Na sauka a gidan wata mata mai ba da hayar ɗaki, sunanta Meri. Na gaya mata tun wuri ban da alade. Ta kawo kifi da dankali, ba yaji ko na magani. Na ciro nawa daga jaka.

Gidan Kati

Ban aika cewa ina zuwa ba, don mu ba a neman izinin gaisuwa. Kati ta buɗe, gajeriya, da hancin Nora sak. Na ce daga Amurka nake, maƙwabciyar yayarta. Ta dube ni sama da ƙasa kafin ta matsa. Na cire takalmi, na bar kujera na zauna a ƙasa kamar yadda ake yi a gidan makoki. Ta tsorata, ta ɗauka faɗuwa na yi.

Ta ce zan sha shayi? Na ce a'a. Ta sake, na ce a'a. Ta yi ta uku, na ce wallahi na ƙoshi. Ni ina ganin wa zai ɗora wa mai makoki hidima. Sai na ga fuskarta ta rufe. Ta tsaya a tsaye ta harɗe hannu, ta tambaye ni ko akwai takardar da zan ba ta ta sa hannu. Turancina na kasuwa ya gudu. Na ce Allah ya ba ki haƙuri da Hausa, na sa takalmi na fito. Abin da ya kawo ni ban faɗe shi ba.

Meri ta ga idona ta tambaya. Da na ba ta labari ta dafe kai. Ta ce a garin nan na farko da na biyu kowa ƙi yake yi, kunya ce, amma wanda ya ƙi na uku ya nuna ba zama ya kawo shi ba, ma'aikaci ne ko mai karɓar wani abu. Na ce to mu ma muna da wannan kawaicin, ni dai na zarce ne. Ta ce in koma, Kati ba ta da riƙo, tsoro ne da ita. Waya kawai aka yi mata daga asibiti, tun lokacin take cewa yayarta ta mutu ita kaɗai a ƙasar mutane.

Washegari

Na karya da ƙwai da burodi na koma. Wannan karon kan kujera na zauna. Ta ce shayi, na ƙi. Ta sake, na ƙi, ina tsoron kada ta tsaya nan. Ta kalle ni, sannan ta ce, "Kin tabbata?"

"Kawo. Da madara, sukari biyu."

Sai da ta ɗora buta ta zauna na gaya mata. Na ce Nora ba ita kaɗai ta tafi ba. Ina gefenta, hannunta cikin nawa, ni na jiƙa mata leɓe, ni na rufe mata ido. Ta tambaya ko ta sha wuya, na ce kaɗan, ban yi mata ƙarya ba. Ta tambaya ko ta ambace ta. Na ce kullum, kuma yawanci ƙorafi ne, wai ke ba ki iya burodi ba. Ta fashe da dariya, dariyar ta koma kuka, ta riƙe hannuna da ya riƙe na yayarta ta ƙi saki har shayin ya huce.

Da yamma ta kai ni kabarin, a bayan coci, ana hango teku. Ta yi addu'arta, ni na tsaya gefe ina jiranta. A hanyar dawowa duk wanda muka gamu da shi sai ta tsayar da shi ta ce ga wadda ta zauna da Nora. Tsofaffi suka yi ta ba ni hannu suna godiya. Gida uku aka ja mu, shayi uku na sha, cikina kamar randa.

Komawa

Ranar tafiya Kati ta rako ni har bakin bas da sandarta, cikin yayyafi, ta cusa mini burodin da ta gasa. A bas na ɓalla na ci. Nora ta yi gaskiya, amma na cinye.

Hadiza ta tare ni a Dulles, tun kafin ta karɓi akwati ta ce an buɗe ƙofar? Na ce an buɗe, har an ce in dawo da rani in zo da ke.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Meri da ta gyara mini kuskure. Kati tana kirana duk Lahadi. Kafin ta ce komai sai ta tambaya ko na ɗora buta.