Nukui, Wanda Ya Kashe Kyaftin

Nukui Shozo ya yi shekara arba'in yana sayar da muryarsa a Tokyo, kuma ba a taɓa tare shi a jirgin ƙasa an ce an gane shi ba. A finafinan zane na anime shi ne mai gadin ƙofa, shi ne tsohon da ke nuna wa jarumi hanya, shi ne kare idan an rasa mai haushi. Da asuba yana taya matarsa yanka awara a shagonsu na Nakano, da hantsi ya wanke hannu ya tafi situdiyo da ƙunshin soyayyar awara a jaka, ya ajiye a teburin waje don kowa ya ɗauka.

Umezu Chieko ce mai ɗaukar sauti a situdiyon. Tana zaune bayan gilashi da abin sauraro a kunne tun gashinta yana baƙi. Ta sha jin taurari suna kuka a gaban makirufo, su fito su daka wa mai shara tsawa, don haka ta daina auna mutum da bakinsa. Tafiyarsa take dubawa. A wannan sana'a 'yan wasa duka ɗaki ɗaya suke shiga, makirufo kuwa 'yan kaɗan ne, kowa ya matso ya faɗi layinsa ya janye wani ya shigo, ba ƙarar takalmi, ba motsin riga, ba kukan takarda. Mai son kansa yakan daɗe a gaban makirufo har na bayansa ya makara. Nukui kuwa ba ta taɓa jin takunsa ba. Sai dai ta ji murya ta zo, ta ɗaga kai ta ga har ya koma kujerarsa.

Yana da aboki guda, Kurahashi Gonzo. Tare suka koyi sana'ar suna samari. Kurahashi ƙato ne mai murya kamar ganga, sarakuna da janar-janar ake ba shi, kuma bai taɓa kiran Nukui da wani suna ba sai "mai awara". Nukui yakan amsa.

Da za a fara sabon shiri, labarin jirgin ruwa da ke ɗauke da mutanen da yaƙi ya kora suna neman inda za su sauka, aka ba Kurahashi Kyaftin, aka ba Nukui kukun jirgin, wani tsoho mai suna Tobei. Kafin ranar farko darakta Minowa ya kira Nukui da Umezu ofishinsa ya rufe ƙofa.

"Tobei ya sayar wa abokan gaba da jirgin tun kafin ya bar tasha," in ji shi. "Zai ciyar da su, ya raba su ɗaya bayan ɗaya, dab da ƙarshe ya kashe Kyaftin. Ba na so sauran 'yan wasa su sani. Ina so su ƙaunace shi da gaske, a ji a muryarsu. Umezu-san, ke kuma kada ki taɓa sautinsa, ki bar shi yadda ya fito."

Nukui ya ce, "Yana son su?"

"Wa?"

"Tobei. Mutanen jirgin."

"Wannan kai za ka sani," in ji Minowa.

Nukui ya rusuna ya fita.

Umezu ta ɗauki muryar miyagu da yawa, masu dariyar ƙeta da masu huci. Ba ta taɓa ɗaukar irin Tobei ba. Bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba. Zai kai wa matuƙi shayi ya ce, "Kyaftin ya damu da idanunka, ni dai na ce masa har yanzu kana gani." Zai ɓoye wa wanda aka yi wa faɗa tsokar kifi, ya zauna kusa da shi ya saurari ƙorafinsa har ƙorafin ya girma. Matuƙi ya sauka a wani tsibiri yana ganin zuciyarsa ce ta gaya masa. Likitar jirgi ta bi shi. Duk wanda zai tafi sai ya rungumi Tobei yana kuka. Masu kallo ma haka suka so shi. Umezu kaɗai ke jin abin da ke ƙarƙashin kowace kalma, alhali mai faɗin kalmar shi ne wanda ya tambaye ta lafiyar gwiwarta da safe.

Matsalar ta taso ne da sanyi ya kama. A sana'ar nan, ranar da wanda kake ba wa murya ya mutu a labari, ranar aikinka ya ƙare. Kurahashi ya doshi saba'in, janar-janar sun koma hannun matasa, Kyaftin ne kaɗai abin da ya rage masa. Sai wani gidan talabijin ya neme shi ya riƙa ba da labari a shirin kamun kifi na mako-mako, irin aikin da mutum ke riƙewa har ƙarfinsa ya ƙare. Za a fara da bazara, ranar Alhamis, ranar da ake ɗaukar shirin jirgin.

Lokacin hutu makirufo a buɗe yake zama, Umezu tana jin komai. Ta ji Kurahashi yana buga ƙirji yana cewa, "Zan ce musu su nemi wani. Kyaftin ba ya barin jirginsa don kifi."

Ta dubi Nukui ta gilashi. Su biyu sun san Kyaftin ba zai kai bazara ba. Idan Kurahashi ya ƙi aikin, zai tashi ba kifi ba jirgi. Idan Nukui ya gaya masa, Kurahashi ba ya iya riƙe magana ko ta wuni ɗaya, kuma muryarsa za ta tona shi a gaban makirufo. Aikin shekara zai lalace, ba kuma daraktan da zai sake ba Nukui amana. Nukui yana zaune yana ninke ledar awara, bai ɗago ba.

Alhamis ta zagayo. Ana hutu, ɗaki cike, Nukui ya ce wa Kurahashi da muryarsa ta kullum, "Kura-san, aikin kifin nan, tunda ba ka so, na je na gaishe su."

"Ka je ka yi me?"

"Gaisuwa kawai. Na ce musu kada su ji haushinka. Kai mutumin fagen fama ne, magana a hankali ba layinka ba ce, kifi kuma ba ya son hayaniya. Kare ka na yi."

Kurahashi ya ajiye kofinsa.

"Kai mai awara, shekara arba'in kana haushi a bayana, yau kai ne za ka ci abincina?"

"Abincin da ka ture ne. Na ga kada ya yi sanyi."

"Ni ne ban iya magana a hankali ba?"

"Yanzu ma ga shi ana jin ka har bakin titi."

Wani ya yi dariya, ya haɗiye ta. Umezu ta cire abin sauraro ta riƙe a hannu. Ta san wannan salon. Ta shafe watanni tana ɗaukarsa.

A yammacin nan Kurahashi ya je gidan talabijin ya karɓi aikin, don dai kada mai awara ya samu. Sai da ya huce ya tuna da Alhamis. Ya zo wajen Minowa yana ta rusunawa, yana roƙon a bar shi ya riƙa ɗaukar Kyaftin shi kaɗai a wata rana idan bazara ta zo. Minowa ya ce za a duba, yana kallon bango.

Daga nan Kurahashi ya daina yi wa Nukui magana. Sauran 'yan wasa suka bi bayansa, don a idonsu Nukui ya zagaya ya nemi aikin abokinsa. Gaisuwa ta koma ta kai kawai. Awara ta riƙa wuni a tebur ba mai taɓawa, da yamma ya ɗaure ya mayar gida. Mako mai zuwa ya sake kawowa.

Umezu ta tare shi a bakin matakala wata rana.

"Nukui-san, da gaske ka je wurinsu?"

"Na je. Da ban je ba, da ya gane. Ya san muryata idan ina ƙarya."

"In sun ba ka aikin fa?"

"Shi suke so. Ni shayi kawai suka ba ni."

"In ya ƙi yafe maka?"

Nukui ya gyara jakarsa a kafaɗa. "Ko ya ƙi, zai ƙi ne yana da aiki," in ji shi, ya sauka.

Ranar kashe Kyaftin, Minowa bai raba shafukan ƙarshe ba sai da kowa ya zauna. Ya ce ba gwaji, ɗauka ɗaya za a yi. Umezu ta ga idanu suna bin layi, ta ga suna tsayawa wuri guda. Kurahashi ya karanta har ƙasa, ya koma sama, sannan ya ɗago ya dubi Nukui. Nukui yana cire agogonsa don kada ya yi ƙara.

Kurahashi da Nukui suka tsaya a makirufo biyu, kafaɗa da kafaɗa. A allo Kyaftin na kwance da zazzaɓi, jiragen abokan gaba sun zagaye su, Tobei na riƙe da kwanon miya.

"Kai kaɗai ka rage min, Tobei," in ji Kurahashi.

Umezu ta ɗora yatsa a kan maɓallin sauti. Duk ɗan wasan da ta sani, a nan yake sauke murya ya nuna haƙora. Ta shirya.

"Ban kori kowa ba, Kyaftin," in ji Nukui. "Tambayarsu na yi abin da ke damunsu, na kuma saurara. Kai ba ka taɓa tambaya ba. Kwanta, kada ka wahalar da kanka. Na sa guba da yawa a miyar don kada abin ya daɗe. Ba na son ganinka cikin ciwo."

Allurar sauti ba ta motsa daga inda ta saba ba. Muryar nan ce dai ta mai kawo shayi, da tausayinta duka. Wata 'yar wasa ta toshe bakinta da hannu. Takarda ta yi kuka a hannun wani, abin da a kowace rana zai sa Umezu ta tsayar da ɗauka. Ba ta tsayar ba.

An rubuta Kyaftin zai yi ihu. Kurahashi ya buɗe baki, ihun bai zo ba. Sunan kawai ya kira, "Tobei," can ƙasa-ƙasa, sai da Umezu ta ƙara sauti kafin ta kama shi. A duk shekarun da ta yi tana ɗaukarsa ba ta san yana da wannan muryar ba.

Minowa ya danna maɓalli ya ce, "An samu."

Al'ada ce, wanda aikinsa ya ƙare a shiri a miƙa masa furanni a gaban kowa. Minowa ya ɗora damin a hannun Nukui. Nukui ya taka ya miƙa wa Kurahashi da hannu biyu, ya rusuna. Kurahashi bai karɓa nan take ba.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun kafin ka karanta layinka na farko."

"Kuma kana zuwa gidana kana shan shayi."

"Fumie-san ta iya shayi."

Kurahashi ya karɓi furannin ya riƙe su kamar tsintsiya. Fumie matarsa ce. Fuskarsa ta fara sauyawa a hankali.

"Tsaya," in ji shi. "Muna samari, kai ne ka ce in raka ka shagon da Fumie ke aiki. Ka ce ka manta lemarka, ka fita, ba ka dawo ba."

"Ka sa su a ruwa da wuri, Kura-san. Ba sa jure zafin jirgin ƙasa."

"Kai mai awara, ni ban san ko in gode maka ko in canja makullin gidana ba."

"Fumie-san za ta ba ni sabon."

Dariya ta ɓarke a ɗakin, har da Kurahashi, amma idonsa bai bar fuskar abokinsa ba.

Da wannan sashe na shirin ya fita a talabijin, mutane suka yi ta zagin Tobei, wasu suka rantse ba za su sake kallo ba, suka kuma kalla. Aka ba Nukui miyagu biyu bayan haka, ya yi su, ya koma mai gadin ƙofa ba tare da ƙorafi ba. Kurahashi ya riƙe shirin kifi shekaru, yana magana a hankali kan igiya da ƙugiya. Sun ci gaba da zama tare a wani ɗan shagon taliya da suka saba zuwa a bayan tashar jirgin ƙasa, Kurahashi na surutu, Nukui na saurare. Sai dai wani lokaci Kurahashi yakan katse zancensa a tsakiya ya ce, "Me kake so in yi yanzu? Faɗa min kawai, ka huta."

Umezu ma ta ci gaba da ɗaukar awara daga tebur. Idan Nukui ya leƙo ya tambaye ta abin da ke damunta, takan gaya masa, amma sai ta yi tunani tukuna.