Man Kaɗen da Ya Yi Ta Raguwa

A shekarun da ake kira lakiriz, lokacin da albashi ya daina fita a Duwala, man kaɗena ya fara raguwa. Daga arewa ake kawo mini shi a gwangwani, ina ajiye shi ƙarƙashin gado a ɗakinmu na unguwar New Bell. Ni kuwa mace ce mai sa ido. Kullum na buɗe sai in ga shatin yatsu, manya, irin na wanda ya kwasa da gaggawa.

Na fara zargin maƙwabciyata, don ƙafarta ba ta fita daga ɗakina. Na gwada yatsunta da ido, na ga sun yi ƙanana. Sai hankalina ya koma kan maigidana.

Shi ɗan boko ne, da Faransanci yake rubutu, ma'aikaci a wani ofishin fiton kaya kusa da tashar jiragen ruwa. Kowace safiya sai ya ɗaura laƙataye a wuya ya ce, "Na tafi biro," wato ofis. Amma hannun rigarsa ya fara dawowa da maiƙo, yatsunsa biyu na dama suka yi kanta. Wane alƙalami ne ke sa kanta haka?

"Maigida, me kuke yi da man kaɗe a biro?"

"Sanyin na'ura ke busar mini da hannu," in ji shi, idonsa a cikin kwano.

Ban yarda ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, don bai taɓa yi mini ƙarya ba, kuma bai iya ba. Ranar da nake kakkaɓe yanar gizo, na ɗaga kai na ga bakan mahaifinsa ba ya saman rufi. Mahaifin nasa maharbi ne, da bakan nan ya sauko kudu. Na sha ganinsa yana narka kakin zuma da man kaɗe a garwashi, ya shafe itacen da tsumma, yana cewa ruwan Duwala ba ya jin mai shi kaɗai, sai da kaki. In ba haka ba itace ya sha danshi ya saki, kibiya ta faɗi a gaban ƙafarka.

Wata safiya ana ruwa na ja mayafi na bi shi. Bai nufi tasha ba. Ya hau motar unguwar Makepe, na hau ta bayanta, ina saƙa abin da zan tarar. A ƙofar wani gida mai katanga ya tsaya, ya shiga rumfar kwano, ya cire laƙatayen ya ninke. Sai ga shi a kan benci, kwari a gefe, bakan a cinyarsa. Gadi yake yi. Yana ta goga man, feshin ruwa yana wankewa, yana sake gogawa. Na tsaya a bayan wata mota na yi kuka, sannan na juyo gida.

A kasuwa na sayi kaki. Na narka shi da sauran man kamar yadda tsohon yake yi, na juye a gwangwanin, na mayar ƙarƙashin gado. 

Washegari na ji ya daɗe a durƙushe a bakin gado. Ya fito da laƙataye a wuya.

"Na tafi biro."

"A dawo lafiya. Ka ɗan kara shi a wuta kafin ka shafa, ya fi shiga itace."

Ya tsaya a bakin ƙofa, bayansa nake gani. Ruwa yana dukan kwano. Can ya ce, "Har tsirkiyar?"

"Har ita."

Ya sa hannu ya kwance laƙatayen, ya rataye a ƙusar da ke bayan ƙofa, ya ɗauki laima ya fita.