Ranar da Baba Ya Sauko da Waƙa

Jiya a kasuwar Tambuwal na ji hucin zugazugin maƙeri, sai Baba Farfesa ya faɗo mini a rai. Haka tsohon ogan ɗinsa, abin kiɗan nan na katako mai aiki da iska, yake numfashi idan ya taka feda.

Kiɗan coci ya koyar a jami'a har ya yi ritaya, sannan ya zo Kebbe wurin 'yarsa mai aikin jinya, ya zama makaɗin ƙaramar majami'armu. Ni ne shugaban mawaƙa a lokacin, kuma ina da dokoki uku. Ta farko, zuwa a kan lokaci. Ta biyu, haddace waƙa. Ta uku, wanda muryarsa ba ta kai ba ya koma benci.

Ta ukun ce ta kama Mama Ladi mai ƙosai, domin da waƙa ta hau sama muryarta take tsagewa. Ranar gwajin waƙa na gaya wa Baba zan sallame ta.

Ya ce, "To, Malam. Mu rera sau ɗaya tukuna."

Ya goge yatsunsa da hankici kamar kullum, ya fara. Mama Ladi ta kai ƙarshe babu gargada.

Na matsa kusa na ce, "Baba, yaya aka yi?"

"Na sauko da sautin waƙar kaɗan. Wannan katako ne, ba ya jin kunya. Ita fa, in ka kore ta, da wane ido za ta dubi jama'a ran Lahadi?"

Ban kore ta ba, kuma na soke doka ta uku. Mama Ladi ce ta ja mana waƙa ranar jana'izarsa.

Allah ya hutar da Baba, ya sassauta masa kamar yadda ya sassauta wa Mama Ladi.