Yadda Na Cinye Minti Ashirin na 'Yar Tela

Mu tara muka fara, kuma biyu daga cikin taran nan caji kawai suke zuwa yi. Asalin ƙungiyarmu ta masu rubuta manhaja a Bauchi ke nan, duk da cewa in ka ji ni ina ba da tarihinta a wancan lokacin sai ka rantse jam'iyya muka kafa. Asabar ɗin ƙarshen kowane wata muke haɗuwa bayan azahar, a wani aji na makarantar kuɗi da abokina yake koyarwa a cikinta. Kujerun 'yan firamare ne, in ka zauna gwiwarka tana gaisawa da haɓarka. Mutum ya tashi ya nuna abin da ya gina, mu yi masa kaca-kaca, ya yi fushi, mu sha ruwan leda mu watse. Wallahi daɗi muke ji a lokacin, ni ne dai ban gane ba.

Ni na buɗe guruf ɗin a waya, don haka ni ne shugaba. Ba wanda ya zaɓe ni, ba kuma wanda ya damu ya hana ni.

A cikinmu akwai wata yarinya daga Fadaman Mada da muke kira 'yar tela, saboda mahaifinta tela ne. Kullum can baya take zama, ta zo da sallama ta tafi da sallama, iyakar abin da muke ji daga bakinta ke nan. Wata rana na je jona cajata a kusa da ita, idona ya faɗa kan laftof ɗinta, sai na tsaya cak. Manhaja ce ta gina wa shagon babanta: tana ajiye awon kowane mai ɗinki, da ranar da aka yi masa alkawari, ta kuma fara damun tela tun ana saura kwana uku. Da Hausa take, ba ta buƙatar data, ko a ruɓaɓɓiyar waya tana tashi. Wato yarinyar nan ta zauna ita kaɗai ta haɗa maganin ƙaryar teloli. Ni kuwa shekarata uku ina gina manhajar odar abinci da ko shafin shiga bai gama aiki ba. Na ji kishi, ba zan ɓoye ba, amma na ji alfahari ma.

Na ce, “Ƙanwata, wannan sai kin nuna wa mutane.”

Ta ce, “Yaya, ka rufa min asiri. Ni in na tsaya gaban mutane bakina bushewa yake yi, harshena ya maƙale.”

Wata biyu ina binta. Na yi lallashi, na yi gori, na ce mata hassada ce mutum ya san abu ya ɓoye. Daga ƙarshe ta gaji da ni.

“Sau ɗaya,” in ji ta. “Minti ashirin. In ranar ta wuce ban yi ba, don Allah kada ka sake tambayata.”

Na rantse mata. Na sa mata rana a taronmu na cika shekara, wanda na riga na ƙudura cewa ba a kan kujerun yara za a yi shi ba.

Neman zaure ne ya kai ni Ƙofar Ran wurin Kawu, yayan mahaifiyata, tsohon darakta da ya yi ritaya amma bai yarda ya yi ba. Yana da aboki mai zauren taro a GRA. Kuma ko ba don zauren ba, a gidanmu ba a tara mutum sama da goma ba tare da an je an durƙusa an sanar da manya ba. Kuskurena shi ne na tafi da katin gayyata. Kawu ya sa tabarau, ya karanta gaba, ya juya baya, ya sake juyowa.

“Ina Uban Taro?”

“Kawu, ai ba irin wannan taron ba ne. Mu kawai haɗuwa muke mu duba aikin juna.”

“Ina Babban Baƙo? Ina Shugaban Taro? Kai, yaron nan, so kake ka kunyata mu a gari? Ko zaman makoki akwai tabarmar manya!”

Ya zaro biro daga aljihun gaba ya hau cike katin. A nan ya kamata in ce a'a, in koma ajinmu. To amma na ga abin da ya rubuta a ƙasa: Mai Masaukin Baƙi, sannan Injiniya, sannan sunana. Ni ilimin ƙasa na karanta a jami'a, ko fanka ban taɓa gyarawa ba. Na dubi kalmar nan, sai na ji wani sanyi ya ratsa ni har tafin ƙafa. Na ce, “Yadda ka tsara ya yi, ranka ya daɗe.”

Har babbar riga na ɗinka, a shagon baban 'yar tela. Ita ta shigar da awona a manhajarta, rigar kuma ta fito ranar da aka ce, abin da bai taɓa faruwa da ni ba tunda aka haife ni.

Ranar taro, ƙarfe biyu daidai zauren ya cika. Mutum kusan arba'in, wasu ban taɓa ganinsu ba, kowa da laftof a cinya. 'Yar tela ta zauna a layin farko, karo na farko a rayuwar ƙungiyar, ga babanta kusa da ita cikin wankakkiyar riga. Mutumin nan shagonsa ya rufe ranar Asabar, a tsakiyar lokacin bukukuwa, don ya zo ya ga 'yarsa ta yi magana.

Amma ba a buɗe taro Uban Taro bai zo ba. Muka zauna muna kallon babban teburi da farin mayafinsa da furannin roba. Sai ƙarfe uku motoci suka fara shigowa. Kawu, wanda shi ne Uban Taron, ya zo da abokansa biyar, ya kuma zo da nasa mai gabatarwa, wani mutum mai murya kamar an daki ganga, wanda a gidajen biki ya yi suna.

Matsala ta farko, an kafa babban teburin a jikin bangon da majigi zai haska. Na raɗa wa Kawu ko za su ɗan matsa gefe. Ya dube ni kamar na ce ya cire hula. Babban teburi a gefe? Haka hasken majigin ya zauna a kan ƙirjinsa, da rubutun barka da zuwa yana hawa yana sauka duk lokacin da ya ja numfashi.

Aka yi addu'a. Mai gabatarwa ya gabatar da manya ɗaya bayan ɗaya, kowa da muƙamin da ya riƙe da wanda ya kusa riƙewa. Duk mai babbar rigar da ya shigo a makare sai an tsayar da komai an yi masa kirari an nemo masa kujera, har da wani bawan Allah da daga baya muka gano ɗaurin aure ya zo nema ya ɓata hanya. Babban Baƙo ya ba mu labarin keken rubutu na farko da aka kawo ofishinsu, ya ja mana kunne a kan damfarar intanet, sannan ya tambaya ko a cikinmu akwai wanda zai duba masa wayarsa, hotuna sun cika ta. Ina jin wani a bayana yana cewa, “La'ilaha illallahu, yau mun shiga uku.”

Duk wannan lokacin ina yi wa 'yar tela alama da hannu, saura kaɗan, saura kaɗan. Ita kuma tana ta goge tafin hannunta a jikin hijabi. Kowa a garin nan ya san ƙa'ida: da zarar an kira la'asar an raba abinci, taro ya mutu, ko wane ne ya kira shi. Na duba agogo, saura minti ashirin da biyu a kira salla. Lokacinta yana nan cif, har da ragowar biyu.

Sai mai gabatarwa ya ja numfashi ya ce, “Yanzu kuma, matashi ɗan gidan girma, hasken Bauchi, Injiniya!”

Na rantse da Allah niyyata in ce na gode in kira ta. Na karɓi makirufo, na gyara hannun babbar riga a kafaɗa, aka yi tafi. Wannan tafin ne ya kashe ni. Na gaida babban teburi mutum-mutum. Na ba da tarihin ƙungiya tun daga ranar da na buɗe guruf. Na yi bayanin wahalar da na sha. Na ce daga wannan zauren za a girgiza Afirka, Kawu ya gyaɗa kai, sai na ƙara da duniya baki ɗaya. A raina minti uku na yi. Daga baya aka nuna min bidiyon, ashirin da biyun nan ne cif. Ina cikin faɗin “a ƙarshe” karo na uku ladan ya ɗaga murya, matan da aka ba aikin abinci kuma suka shigo da kulolin masa.

Shi ke nan. Aka yi salla, aka ci masa, manya suka shige motoci, mai kula da zaure ya hau tattara kujeru don akwai masu biki da yamma. Na tarar da ita a bakin ƙofa tana zuge jakar laftof.

“Ƙanwata, ki yi haƙuri, wata mai zuwa ke ce ta farko.”

“Sau ɗaya muka ce, Injiniya.”

Ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai Yaya. Babanta ya miƙo min hannu, ya dubi wuyan rigar da aljihunta, ya ce, “Ta zauna maka kuwa.” Suka tari keke suka tafi.

Da farko fushi na yi, don ni haka nake. Wani ya saka hoton Kawu da rubutu a ƙirji a guruf, na rubuta dogon saƙo a kan rashin tarbiyya da rashin godiya. Ba wanda ya tanka. Ƙarshen watan na koma ajinmu, mutum uku suka zo, biyu daga ciki masu cajin nan ne. Wata na biye ma haka. Ina gaya wa kaina mutanen Bauchi ba su san ci gaba ba, amma duk lokacin da na buɗe akwati na ga babbar rigar nan sai kunya ta kama ni har in rasa inda zan sa idona. Na san abin da na yi. Na ja yarinya wata biyu zuwa bakin abin da take tsoro, ta yarda, ni kuma na taka ta na wuce don a tafa min.

Wata Asabar na ɗauki wando lafiyayye na nufi Fadaman Mada, wai a rage min tsawo. Tun daga nesa na hango takalma jibge a ƙofar shagon. Na leƙa. Mutum goma sha ɗaya a matse tsakanin kekunan ɗinki, wasu a benci, wasu a kan buhun ƙyallaye. An rataye yadin farar shadda a bango, majigi yana haska shi, majigin abokina malamin makaranta, munafuki, ga shi nan zaune yana kauce wa idona. Ashe sun buɗe wani guruf ba ni. A gaban shaddar kuwa ga 'yar tela a tsaye, muryarta tana rawa, amma tana magana.

Babanta ya matso kusa da ni ya ce a hankali, “Kai ne ta ce wa kada ka sake tambaya, ba ni ba. Ni kuwa na rufe shago na je ban ga komai ba, na ce sai ta biya ni, ta yi bayanin nata a nan.”

Daidai nan hoton bango ya ɗauke. Soket ɗin shagon ya saki, sai an danne fulogi yake kawo wuta. Tsohon ya dube ni, ya dubi soket ɗin da ke bayan ƙofa.

“Yauwa, Injiniya, ka zo a daidai. Ga aikinku nan.”

Na ajiye wando, na tsuguna a bayan ƙofa, na danne fulogi da babban yatsa. Minti arba'in na yi a haka. Daga inda nake rabin shaddar kawai nake gani, amma ina jin komai. Ta gama, suka yi mata caa kamar yadda muka saba. Wani ya ce in wayar tela ta faɗa ruwa fa, ina awon mutane? Sai ta nuna masa inda ta tanadi hakan. Wani ya kushe kalar shafin, ta fusata ta ce ya kawo tasa a gani. Aka kwashe da dariya, babanta ya fi kowa.

Ni ma wata tambaya ta zo min, mai kyau kuwa. Na ɗago, na gyara murya, na ce, “To ni a ganina,” sai yatsana ya goce, bango ya yi fari fat.

Mutum goma sha ɗaya suka juyo a tare. “Malam, riƙe da kyau mana!”

Na mayar da yatsa, na rufe bakina.

Da aka kira la'asar kowa ya fita alwala. Ina nan tsugune ina murza hannuna da ya sandare, ta zo ta zare fulogin da kanta tana naɗe wayar. Na so in yi jawabin ban haƙuri, na ma tsara shi tun a keke, amma na ga illar jawabina.

Ta gama naɗewa, ta ce, “Wata mai zuwa ma a nan ne, kuma Baba ya ce ba zai gyara soket ɗin ba. Ka zo da wuri, Yaya.”

Tun ƙarfe ɗaya da rabi na isa.