Tsuntsun Cikin Akwatin Likita

Wata ranar kasuwar Dakoro ce, a kakar da na shiga shekara ta biyar, Inna ta ɗaura mini sabon zane ta ja ni gidan likita. Ni dai ban ji ciwon komai ba, amma an daɗe ana gardama a kaina. Baba, wanda dillalin awaki ne, cewa yake kunnen ƙashi gare ni: sai ya kira ni sau nawa ina can ina tuwon ƙasa ban waiwayo ba, ƙarshe in sha ranƙwashi. Inna kuwa tsoronta kada a ce kurma ta haifa, a hana ni lakwal, wato makarantar boko. Kakata ta riga ta yi nata gwajin, ta laɓaɓo ta bayana ta maka taɓarya a turmi, na zabura kamar akuya. "To, ga kurmar taku nan!" in ji ta. Daga ranar ranƙwashi ya ƙaru.

Na shiga ina jiran allura, sai ga wata madam mai farar riga ta zauna a tabarma kamar sa'ata. Ta ajiye ƙwarya da tulin ƙodagon goruba, ta kifa mini wasu faya-fayai masu igiya a kunnuwa, igiyar ta shige wani ɗan akwati. "In kin ji tsuntsu ya yi kuka, jefa ƙodago ɗaya," ta ce. Kai, abin ya ɗaure mini kai! Ta ina ya shiga, me yake ci a ciki? Har leƙa akwatin na yi, ta yi dariya. Ya yi tsiit a dama, na jefa. Ya rage murya, na jefa. Ƙwarya ta kusa cika, ina ta washe baki.

Sai ta ce saura ɗayan kunnen. Na riƙe ƙodago na kasa kunne, shiru. Ina ganin yatsanta yana danna akwatin, yana sake dannawa. Da na gaji na ce, "Inna, tsuntsun ya tashi." Inna ta rufe fuska da gyale. Kunnena na hagu ba ya ji sam, na dama ne yake ɗauke da ni.

Lakwal dai na shiga, mushe, wato malaminmu, ya zaunar da ni a gaba, jikin bangon hagu. An gaya wa Baba zancen kunnena, shi kuwa ba mutumin ba da haƙuri ba ne. Amma tun daga washegari, ko awaki yake ja, sai ya zagayo ta damana ya duƙa kafin ya ce, "Ɗiyata."

Yanzu ni ke kai nawa 'ya'yan a yi musu wasan, na kuma san babu tsuntsu a akwatin. Mijina da yarana sukan manta su yi mini magana ta hagu, ba na jin haushinsu. Baba ne dai, har ya koma ga Allah, bai taɓa mantawa ba.